Yadda Na Zama Ɗan Haiti a Rusaifa

Ni mahauci ne ɗan mahauci, daga Gumel, sunana Habu. A gidanmu yaro kan iya riƙe wuƙa kafin ya iya ɗaure mazagin wandonsa, kuma abu na farko da ake cusa masa a kunne shi ne mai sayen nama bai ga yanka ba, kai ka gani, don haka cikinsa amana ne a wuyanka. Da wannan tarbiyya na sauka Jidda, da ita da 'yar jakata da alkawarin wani ejan cewa zan yi aikin nama a wani babban otal mai kallon Harami.

Otal ɗin har yau ban ga ƙofarsa ba. Mutumin da ya tarye ni ya karɓe fasfona tun a mota, ya kai ni Tandabawi, wata tsohuwar unguwa kusa da Harami, ya tura ni wani ɗaki a kan dutse inda aka jera katifu kamar tsire a faranti. Da gari ya waye sai ga ni a unguwar Shisha, gaban wani bene da ake ginawa, an ɗora mini buhun siminti. Na ce wa shugaban leburori an yi kuskure, ni mai nama ne. Ya dube ni sama da ƙasa ya faɗi wata magana da Larabci, wani Basakkwace da ke gefe ya fassara mini, wai a nan duk wanda ya zo da hannu biyu lebura ne. Ranar na gane an sayar da ni ina ji ina gani, kuma ba ni da wurin kai ƙara, don ko hanyar komawa ɗakin kwanana ban sani ba.

Na yi watanni a haka. Tafin hannuna ya tsattsage, har riƙe cokali sai da dabara. Amma ba ciwon hannu ne ya fi cina ba, kewa ce. Duk ranar da ta zo daidai da kasuwar garinmu sai kunnena ya riƙa jiyo kalangu daga rumfar mahauta, in ɗaga kai in ga injin kwaɓa siminti ne yake ta ruri. Idan na kira Inna, mahaifiyata, takan ce in tuna da ita a gaban Ka'aba, in ce to. Ban taɓa gaya mata abin da nake ɗauka a ka ba, ita ma ba ta taɓa tambayar sunan otal ɗin ba.

A lungunmu na Tandabawi akwai wata tsohuwa, jikar Sakkwatawa amma haifaffiyar nan, tana sayar da gyaɗa a ƙofar gidanta. Kullum da safe sai ta fito da kwanon ruwa da ragowar abinci ta ajiye wa kyanwoyin lungu, su yanyame ta kamar mai rabon zakka. Makka garin kyanwoyi ne, duk inda ka juya suna nan. Wata rana tsohuwar ta ga hannuna. Ba ta tambaye ni komai ba, ta shiga gida ta fito da man kaɗanya a murfin gwangwani, ta ce in shafa, hannu shi ne gonar baƙo. Na karɓa na juya baya don kada ta ga idona.

Wanda ya fitar da ni daga siminti Issufu ne, mutumin Maraɗi, direban wata dattijuwar Balarabiya a Shisha. A ƙofar masallaci muka haɗu, an taka mini takalmi na ja tsaki, ya juyo ya ce wannan tsakin na gida ne. Wata Juma'a ya ce zai kai ni in ci abin da zai sa in manta da ejan. Muka je Rusaifa, babbar unguwa ce mai shaguna birjik, muka tsaya gaban wani ɗan shago da hayaƙi ke tashi. Tun ban fito daga mota ba hancina ya gaya mini. Tsire ne, da ƙulinsa da yajinsa, Larabawa sun yi layi suna jira, suna kiransa sere. Na tsaya baki buɗe. Ashe abin da na baro a gida ya riga ni zuwa, har ya yi suna.

Mai shagon wani siririn dattijo ne, ana ce masa Am Bakur, wato Baba Abubakar. Kakansa ne ya taso daga Kano da ƙafa, ya zo aikin hajji bai koma ba. Hausarsa ta mutanen da ce, ta gauraye da Larabci. Da ya ji ni ɗan gidan pawa ne sai ya miƙo mini wuƙa da tsokar cinya, ya koma gefe ya naɗe hannu. Na yanka fale-fale yadda aka koya mini.

“Ya waladi, ɗana,” in ji shi, “wa ya kai wannan hannun ga siminti?”

Shi ya yi ta zirga-zirga har aka dawo mini da fasfona, aka mayar da igamata hannunsa, wato takardar zamana a ƙasar. Daga ranar zamana a Makka ya rataya a shagonsa, in ya sake ni sai jirgi. Ko a jikina. Na sami tukuba, na sami uba. Na kira Inna na gaya mata komai, har da simintin da na ɓoye mata, ta yi mini faɗa sannan ta sa mini albarka.

Ɗansa Faisal shi ke riƙe da takardun shago. Saurayi ne mai tsafta da ƙamshi, yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake amsawa. Ba mugu ba ne. Abin da na lura kawai shi ne ba ya son a ji muna Hausa da ƙarfi idan masu saye sun taru, sai ya riƙa gyaran murya yana duban waya.

Sai kuma Hajiya. Kyanwa ce ja, kunnenta na hagu a tsage, tana zaune a bayan shago tun kafin zuwana. Ni na raɗa mata sunan, don tafiyarta ta masu gida ce, ga shi a Makka aka haife ta, ba ruwanta da igama. Kullum na gama gyaran nama sai in watsa mata kitse da jijiya. Ita kuwa ba kyanwar Lami ba ce, tana cizo tana yakushi, kuma da ta ga fuska sai ta fara shigowa ciki. Har ranar da ta ja tsinke guda daga faranti a gaban mai saye.

A makon ne maganar Amurka ta cika wayoyi. Ana yaƙin neman zaɓe a can, wani mai neman mulki ya tsaya a gaban duniya ya ce baƙi 'yan wata ƙasa Haiti suna kama kyanwoyi da karnukan mutane suna cinyewa. An fassara da Larabci, an fassara da Hausa, kowa yana tura wa kowa. Ni sunan ƙasar ma a lokacin na fara ji. Issufu, da ya ɗan taɓa bokon Faransanci, ya ce tsibiri ne can wajen Amurka, mutanensa baƙaƙe ne kamarmu, jikokin bayin da aka kwasa daga ƙasashenmu. Ya ce hukumomin garin da ake magana ma sun fito sun ce ba su ga alamar haka ba. Amma wa ke ta wannan? Masu jiran tsire suna nuna wa juna suna ƙyaƙyatawa, mu ma muna tayawa. Am Bakur ne kaɗai ya kalla sau ɗaya, ya mayar wa Faisal wayarsa, ya ci gaba da fifita wuta. Na ɗauka tsufa ne ya hana shi jin raha.

Washegarin satar tsinken, Faisal ya zo da wani ƙullin guba. Ya ce idan 'yan baladiyya, masu duba tsaftar shaguna, suka tarar da kyanwa a wurin abinci, rufe mu za su yi, don haka in barbaɗa a nama in ajiye mata. A gidanmu ba a kashe kyanwa. Kakata takan ce wanda ya kashe kyanwa ya ɗauko wa gidansa kayan da ba zai iya saukewa ba, balle a ƙasa mai alfarma inda ko ciyawa ba a tsinka. Abin da muke yi idan kyanwa ta addabi gida da sata shi ne a sa ta a buhu, a ɗaure baki don kada ta ga hanya, a kai ta nesa a sake ta. Ta rayu, kai ma ka huta. Na ce wa Faisal ya bar mini, kafin la'asar ba zai ƙara ganinta ba. Ya ɗaga kafaɗa ya mayar da ƙullin aljihu.

Na kira Issufu, ya ce uwar ɗakinsa tana barcin rana, zai saci jiki da mota amma in yi sauri. Na san inda zan kai ta, lungun tsohuwar nan ta Tandabawi, inda ba za ta kwana da yunwa ba. Ina cikin yankan nama, rigar aikina duk jini, na ɗauki wani buhun shinkafa da ba komai a ciki na fita ta ƙofar baya. Na watsa kitse, Hajiya ta zo da rangwaɗarta, na cafke ta a wuya na cusa a buhu. Ta yi kuka, ta yi ta shure-shure. Na zaro wuƙa daga ƙugu na yanko igiya a jikin wani kwali na ɗaure bakin. Motar Issufu tana titi ta ƙofar gaba, don haka na koma cikin shago, buhu a hannu ɗaya wuƙa a ɗaya, na ajiye wuƙar, na tuɓe rigar, na fita ta gaba. Da muka isa na kwance buhun, ta fito ta harare ni ta haye katanga. Na dawo raina fes, ina ganin na yi aikin lada.

Ban san akwai wani a tagar benen da ke kallon bayan shagonmu ba, da waya a hannunsa. Har yau ban san ko wane ne ba.

Ba a ɗau kwanaki ba. Wata yamma na hura wuta na jera tsire, shiru ba kowa. A lokacin da layi kan kai bakin titi, sai dai motoci su rage gudu, a sauke gilashi a dube mu, a wuce. Wasu samari suka tsaya a tsallake suna kwaikwayon kukan kyanwa. Ina cikin mamaki sai ga Faisal ya shigo, fuskarsa kamar an watsa masa toka, ya turo mini wayarsa har tana taɓa hancina.

Da farko mutumin Amurkan nan ne yana maganarsa. Sai hoto ya canza. Ga bayan wani shago an ɗauko daga sama, ga wani baƙin mutum da riga jina-jina yana cusa kyanwa a buhu tana kuka, ga wuƙa tana walƙiya a rana, ga shi ya shige ciki ya rufe ƙofa. A nan bidiyon ya ƙare. Wallahi sai da na ji ƙyamar mutumin nan ta taso mini kafin in gane ni ne. Akwai rubutun Larabci a ƙasa, Faisal ya fassara mini, kuma ranar na fara jin doguwar Hausa a bakinsa. An rubuta cewa ba a Amurka kaɗai ba ne, ga Takaruni nan a Rusaifa, kowa ya san abin da yake ci. Takaruni shi ne sunan da suke kiran duk baƙin da ya fito daga ƙasashenmu. Na zauna a kan buhun gawayi. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, ko ranar da aka karɓe mini fasfo.

Da hankalina ya ɗan dawo na ce ai abin mai sauƙi ne, ina da shaida. Na kira Issufu. Ya zo ya tsaya a ƙofar baya, ya ƙi shigowa.

“Habu, ka yi mini rai,” in ji shi. “In tsohuwar ga ta ji na ɗauki motatta ba izini, hal na sa mussa ciki, gobe ina Maraɗi. Ɗiya gare ni.”

Zagi ya zo mini har leɓe, na haɗiye. Shi ma a igama yake rataye kamar ni.

Saura kyanwar kanta. Da sassafe na zuba kitse a leda na tafi Tandabawi. Tsohuwar ta ce ta ga wata ja mai tsagaggen kunne ta ci abinci sau ɗaya, daga nan ba ta ƙara ganinta ba. Na shiga bin lungu-lungu ina duƙawa ƙarƙashin motoci, ina kira, ina kaɗa leda, kyanwoyi suka biyo ni zugui-zugui amma ba Hajiya. Can na ɗaga kai sai na ga wani mutum a bakin shagonsa ya ɗaga waya yana saita ni. Mutumin bidiyo ne ya dawo, da kitse a leda, yana yaudarar kyanwoyin wata unguwa. Na yar da ledar na rufe fuska da hula na ruga kamar ɓarawo.

'Yan baladiyya sun zo, kuma sun yi aikinsu tsakani da Allah. Sun buɗe firji, sun ga hatimin mayanka a jikin nama, sun ɗauki abin da za su gwada, daga baya suka ce ba su sami wani abin zargi ba. Sai dai ranar babu mai ɗauka da waya a tagar. Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to wanda ya faɗi haka bai ga zamanin waya ba. A ƙarƙashin bidiyon mutane suna ta zuba. Wani ya ce a tattara mu gaba ɗaya a mayar da mu inda muka fito. Wani ya ce dama an sani, matsafa ne. Wani ya tuna kyanwarsa ta ɓata bara a kusa da titinmu. Wata ta ce ita tun da can tana jin wani ɗanɗano a naman. Akwai 'yan kaɗan da suka ce a ji tsoron Allah, tun suna yara suke cin seren Am Bakur, amma muryarsu ta nutse. Abin da ya fi girgiza ni shi ne yawancin masu rubutun mutane ne da suka ci daga hannuna, suka lashe yatsa, suka ce Allah ya yi albarka.

Issufu ne, don ya rage wa kansa nauyi, yake karanta mini waɗannan abubuwa, kuma shi ya karanto mini na Faisal. Faisal ya rubuta cewa su 'yan ƙasa ne kaka da kakanni, mutumin da ke cikin bidiyon sabon ma'aikaci ne daga Afirka, ba ɗan gidansu ba ne, kuma za a ɗauki mataki. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Na same shi a cikin shago, na manta da wane ne mai takarda da wane ne mai wuƙa, na ce masa shi ne fa ya ce in sa mata guba, da na bi tasa da yanzu gawarta ce a bola. Na ce in ni daga Afirka nake, kakansa daga sama ya faɗo? Ya fara amsa mini da Larabci, sai ya koma Hausa.

“Kai wata rana za ka koma garinku, ya Habu,” in ji shi. “Ni ina zan koma? Tun ina makaranta ake kirana da sunan nan, Takaruni. Na ɗauka ya mutu, ka tono shi da rana tsaka.”

Ban yafe masa ba a lokacin.

Na zaci abin ya kai maƙura, ashe da saura. Wata safiya ƙanwata ta turo mini bidiyo daga Gumel, ta ce Inna ce ta ce a turo. Bidiyona ne, amma an yi masa aski. An cire rubutun Larabci, an yanke saman gini, an liƙa Turanci, sannan wata murya tana bayani da Hausa, wai ga ɗan Haiti nan asirinsa ya tonu a Amurka, masu cewa ƙarya ne su zo su gani. Ƙanwata ta ce ya zaga garinmu, har a rumfar mahauta an kalla an tofar da yawu, ba wanda ya gane ni tunda daga sama aka ɗauka. Inna ce kawai da aka nuna mata ta ce a mayar baya, ta san wannan kafaɗar, irin ta mahaifina ce. Ina riƙe da wayar kira ya shigo.

“Habu, gaya mini tsakaninka da Allah, kana ina?”

Na ce ina Makka. Ta ce a da ma na ce mata ina otal. Na rantse mata, na kwashe labari tun daga satar tsinke na gaya mata, ina yi hawaye yana zuba.

“To ai haka ake yi,” in ji ta. “A buhu ake sa ta. Me suka gani na mamaki?”

Duk duniyar da ta kalli wannan bidiyo, tsohuwar nan ce kaɗai ta ga abin da ke cikinsa. Sannan ta yi mini wata tambaya. Ta ce to waɗancan bayin Allah da aka ce ni ne su, wa zai je ya gaya wa maƙwabtansu?

Na zauna a bakin ƙofar baya, daidai inda na kama Hajiya. Ko a taswira ba zan iya nuna Haiti ba, ban taɓa ganin ɗan ƙasar ido da ido ba, amma hannuna da na ceci kyanwa da shi ya zama shaida a kansu. Wataƙila a wani gari mai sanyi akwai wani mutum da ya fito zai kai 'yarsa makaranta, maƙwabciyarsa ta gan shi ta sure kyanwarta ta shige gida, kuma ni ta gani a waya. Abin ya ba ni tsoro, ya ba ni kunya, har na kasa cin abinci.

Duk wannan lokacin Am Bakur bai ce mini uffan ba. Kullum sai ya zo ya hura wuta, ya gasa 'yan tsinkaye, in ba a saya ba ya raba wa masu sharar titi. Sai wata safiya kafin a buɗe shago ya kira ni, ya zuba mini shayi da hannunsa. Ya ce yana yaro an taɓa cewa naman mahaifinsa na jaki ne, kafin nan an ce wa kakansa suna satar yara. Shi ya sa ranar da muke dariyar mutanen Haiti bai yi ba, ya san muryar.

“Wannan magana ta girme ka, ta girme ni,” in ji shi. “Suna kawai take canzawa.”

Ya ce ya san ban yi ba, kuma ba zai saki igamata ba ko da shagon zai mutu. Amma ba zai iya barina a gaban tukuba ba, don muddin ana ganin fuskata ba mai tsayawa, kuma gidaje da yawa ke ci daga wannan wuta. Yana da garken raguna a bayan gari, in je can in zauna har ƙura ta lafa. Na ce, Baba, ka san wannan tamkar amsa laifi ne. Ya ce ya sani. Shi da kansa ya tuƙa ni. Na zauna a gaba ina kallon hanya, muka fita daga gidaje, muka wuce alamar iyakar Harami.

Garken rumfar kwano ce a tsakiyar duwatsu, sai raguna da wani makiyayi Basudane marar yawan magana. Aikina ban ruwa da zuba harawa. Wuƙata na naɗe ta a tsumma na sa a ƙasan jaka. Basudanen ya san labarin, amma bai taɓa ɗauko shi ba, kuma duk abin da na dafa yana sa hannu ya ci. Wannan kaɗai ya sa ban haukace ba.

Watanni suka shuɗe. Wata rana Am Bakur ya zo ɗaukar raguna, da ya sauko daga mota sai na ga yana laluben aljihu. Ya ciro waya, shi da ba ya son taɓa ta, ya ce in duba. Hoton yana ta rawa, rabi ma yatsansa ne ya rufe. Amma ƙofar bayan shago ce, kuma ga kyanwa ja zaune a kan dakali, ta rame, kunnen hagu a tsage, tana lasar hannu kamar wadda ta dawo daga ziyara. Na ƙwala ihu har raguna suka watse. Ya ce wata safiya ya buɗe ƙofa kawai ya tarar da ita tana jiran kitse.

Na ce alhamdu lillahi, ga shaida Allah ya kawo da ƙafarta, sai a nuna wa duniya. Ya ce ya nuna. Ya tura wa duk wanda yake da lambarsa, Faisal ma ya sa a inda aka sa na farko. Mutane kaɗan ne suka kalla. Wani ya ce jar kyanwa ai ba ɗaya ba ce a Makka. Wani kuma ya ce wannan ce ta tsira.

Na tambaye shi yaushe zan dawo. Ya juya yana duban raguna kamar bai taɓa ganin rago ba. Ya ce ciniki ya fara komawa, Faisal ya sa wani ɗan Yaman a gaban tukuba, mutane sun fara sabawa da shi. Ya ce in ƙara haƙuri. Na gane abin da bai faɗa ba, zuciyata ta yi nauyi kamar buhun simintin farko. Ita da na ɗaure a buhu don kada ta ga hanya ta koma gidanta. Ni da aka kawo a gaban mota ido biyu, na haddace kowace kwana, ga ni nan.

Muka loda ragunan. Ya shiga mota ya tayar, na riƙe murfin ƙofa. Na ce kada a ba ta nama mai yaji, tari yake sa ta, ɗanyen kitse da jijiya ta saba ci. Ya ce to.

“In ta sake sata, Baba, a bar ta ta ci.”

Ya gyaɗa kai bai dube ni ba. Da motar ta ɓace a bayan dutse na ɗauki bokiti, don ragunan da suka rage ba su sha ruwa ba.